Barin Aiki: Da Sallama Ko Babu Sallama?

Sanarwar barin aiki, wadda ma'aikata suka fi kira notis, ita ce ma'aikaci ya shaida wa wanda ya ɗauke shi aiki cewa zai tafi, ya kuma faɗi ranar tafiyar tun kafin ta zo. Tsakanin ranar da ya faɗa da ranar da zai tafi akwai wa'adi, kwana ɗaya ne, mako biyu ne ko wata uku, kuma a cikin wa'adin nan yana ci gaba da zuwa aiki, ana ci gaba da biyansa. Wanda yake zaune lafiya da wurin aikinsa, gaba kawai ya samu, ba ya jin nauyin wannan jira. Mai jin nauyinsa shi ne wanda aikin ya isa, wanda kullum safiya sai ya yi kokawa da zuciyarsa kafin ya fito daga gida. Shi ne yake tambayar abin da zai sa ya ƙara wata guda yana gaida mutumin da ba ya ganinsa da gashi.

Abu biyu ne a cuɗe cikin wannan tambaya. Akwai ikon tafiya, akwai kuma yadda za a tafi.

Ikon tafiya ba abin jayayya ba ne a Najeriya. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa mutum aiki, kuma kotuna sun daɗe a kan cewa takardar ajiye aiki tana fara aiki ne da zarar ta isa hannun wanda aka rubuta wa, ba ta jiran ya amince. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake jaddada haka a 2006, a wata shari'a tsakanin hukumar jarrabawa ta WAEC da wani ma'aikacinta. Don haka idan manaja ya ture takarda ya ce bai karɓa ba, maganarsa ba ta ɗaure kowa. Sojoji da 'yan sanda ne suke da nasu dokoki daban a kan wannan.

Yadda za a tafi kuwa, nan doka ta sa baki. Dokar Ƙwadago ta Najeriya, wadda aka fara kafawa a 1974, ta tsara wa'adin a sashe na 11, ta kuma ɗora shi a kan daɗewar mutum a wurin aiki. Wanda bai wuce wata 3 da kama aiki ba, kwana 1 ne wa'adinsa. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da shekara 5, mako 2. Wanda ya kai shekara 5 ko ya zarce, wata 1. Ranar da aka miƙa sanarwar ba ta cikin lissafi, daga washegari ake fara ƙirga. Duk sanarwar da ta kai mako guda dole a rubuce take. Faɗa da baki a bakin ƙofar ofis ba ya wadatarwa. Kuma wa'adin nan ya hau kan ɓangarorin biyu daidai: yadda ma'aikaci ba zai ɓace haka kawai ba, haka mai kamfani ba zai wayi gari ya ce masa kada ya sake zuwa ba, sai fa in wani babban laifi ya gitta.

Sai dai ba kowane mai albashi wannan sashe ya shafa ba. Dokar ta yi magana ne a kan masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis, ta cire masu riƙe da shugabanci da masu aikin ƙwarewa, irin su manajoji, likitoci, lauyoyi da injiniyoyi. Su waɗannan, takardar kama aikinsu ce dokarsu. A bankuna da manyan kamfanoni an fi samun wata ɗaya ga ƙananan ma'aikata, wata uku ga manya. Malaman jami'a ma yawanci wata uku ne, sau da yawa tare da sharaɗin tafiyar ta dace da ƙarshen zangon karatu. Ko ga waɗanda dokar ta shafa, in takardar kama aiki ta ambaci wa'adi mafi tsawo, ita ake bi. Abin mamaki shi ne yawan ma'aikatan da ba su sake buɗe wannan takarda ba tun ranar da suka sa mata hannu cikin murna. Wasu ma ba a taɓa ba su ita ba, ko da yake sashe na 7 na dokar ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba da sharuɗɗan aikin a rubuce kafin wata 3 su cika, har da tsawon wa'adin sanarwa a ciki. Inda babu takarda, babu kuma dokar da ta faɗi adadi, kotu kan nemi wa'adin da hankali zai ɗauka, ta dubi matsayin mutum da yadda ake biyansa. Mai karɓar albashi wata-wata, an fi auna masa wata guda.

Ga wanda ba zai iya jira ba, doka ta bar ƙofa biyu. Ta farko, ɗaya ɓangaren yana iya yafe wa'adin. Shugaba da yawa da sun ji mutum zai tafi, su ma sun fi so ya tafi yau, sai dai ma'aikacin bai tambaya ba. Ta biyu, a biya kuɗi a madadin wa'adin. A lissafin Dokar Ƙwadago tsurar albashi ake dubawa, ban da alawus-alawus da kuɗin ƙarin lokaci. Misali, wanda tsurar albashinsa naira 70,000 ce, mafi ƙarancin albashin da aka kafa a 2024, kuma ya shekara shida a wurin, zai biya naira 70,000 ya kama gabansa a ranar. Kotun Ƙoli, a wata shari'a da aka yi da kamfanin Shell a 1993, ta nuna cewa kuɗin nan tare da takardar rabuwa ake miƙa shi, ba a yin alkawarinsa zuwa gaba.

Wanda ya tafi babu sanarwa, babu kuma biya, ya karya yarjejeniya. Karya yarjejeniya ba laifin kamu ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da Dokar 'Yan Sanda ta 2020 duk sun hana a kama mutum don kawai ya saɓa kwantiragi. Kotu ba za ta mayar da shi aiki dole ba. Abin da mai kamfani yake iya nema a bisa al'ada shi ne kuɗin kwanakin wa'adin. Ke nan a idon doka notis bashi ne, ko a biya shi da kwanaki, ko a biya shi da kuɗi.

Matasa da yawa suna cin karo a intanet da maganar cewa notis ladabi ne kawai, mai so ya yi, mai so ya bari. Daga Amurka wannan magana ta fito, kuma a can gaskiya ce. A kusan dukkan jihohinsu, in aka cire Montana, ma'aikaci yana iya tafiya kowace rana, ana kuma iya sallamarsa kowace rana, matuƙar ba a rubuta wani sharaɗi ba. Mako biyun da suka saba bayarwa al'ada ce, ba doka ba. A nan yankin abin ba haka yake ba. Dokar ƙwadagon Ghana ta 2003 ta sa wata 1 ga kwantiragin shekara 3 zuwa sama, mako 2 ga wanda bai kai haka ba, kwana 7 ga mai aikin mako-mako. A Jamhuriyar Nijar, ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, tsawon wa'adin yana bin matsayin ma'aikaci, wanda ya tsallake shi kuma sai ya biya diyyarsa. Ɗaukar shawarar mutumin Amurka a yi aiki da ita a Kano ko Maraɗi ganganci ne.

Rashin jin daɗin aiki kansa iri-iri ne, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure. Akwai gajiya da aiki guda, akwai ƙarancin albashi, akwai shugaba mai tsawa da baƙar magana, akwai abokan aiki masu kai tsegumi, akwai ƙarin girman da aka ba wani aka tsallake mutum. Duk waɗannan dalilai ne na barin aiki, kuma masu ƙarfi. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da yake ɗauke wa'adi. Wanda ya jure shekara uku, da wuya a ce mako biyun ƙarshe ne za su kayar da shi, balle ma da yawa sukan ji nauyin ya sauka daga ranar da suka miƙa takarda, tunda yanzu ƙarshen abin yana da rana.

Mai fushi yana ganin tafiyar ba-zata ramuwa ce. A aikace ba kasafai take samun wanda aka nufa da ita ba. Mai makaranta da malamarsa ta ɓace ana saura mako uku jarrabawa yana iya ɗauko wata gobe. 'Yan aji shida ne za su shiga jarrabawa da rabin manhaja. Nas ɗin da ta daina zuwa ba zato, abokiyar aikinta ce za ta haɗa kwanan dare biyu. Asara mafi yawa kuwa a kan mai tafiyar take faɗawa. Albashin watan ƙarshe yakan maƙale, tare da kuɗin hutun da bai ci ba da garatuti in akwai, domin ya ba kamfani hujjar cewa shi ma yana binsa. Takardar shaidar aiki ba ta samuwa, alhali bankuna, ƙungiyoyin agaji da asibitocin ƙasashen waje duk sai sun tuntuɓi tsohon wurin aiki kafin su ɗauki mutum. A aikin gwamnati abin ya fi muni: ƙin zuwa aiki babu izini yana cikin manyan laifuffuka, hukuncinsa yana kaiwa ga kora, kuma wanda aka rubuta an kore shi, ƙofar aikin gwamnati takan rufu gare shi.

Fansho ma yana da alaƙa da wannan. A tsarin dokar fansho ta 2014 ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 10, a asusun da yake na ma'aikacin ne, yana binsa duk inda ya koma. Babu shugaban da zai riƙe wannan kuɗi don haushi. Amma dokar ta ba wanda ya bar aiki kafin ya cika shekara 50 da haihuwa, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ya taru, kuma kamfanin fansho zai nemi takardar da ta tabbatar ya rabu da aikin. Wanda ya sulale babu takarda, sai ya koma neman sa hannu wurin mutumin da ya guje wa, a lokacin da ya fi kowane lokaci bukatar kuɗin.

Hatsarin da ya fi waɗannan duka shi ne sharri. An ce ba a kama mutum don ya bar aiki, amma ana kama shi in aka ce ya yi sata. Wanda yake riƙe da makullin sito, ko littafin ciniki, ko na'urar cire kuɗi, ko motar kamfani, in ya ɓace ba tare da an zauna an ƙirga ba, duk abin da ya salwanta kafin tafiyarsa da bayanta a kansa za a jibga, kuma ɓacewar tasa ita za ta zama shaida. Wa'adin sanarwa shi ne lokacin da ake yin wannan ƙirga a gaban shaidu, a sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Mafi yawan masu aiki a ƙasar Hausa ba su da takardar kama aiki, ba su taɓa jin sashe na 11 ba, amma suna da tsarinsu da ya girmi dokar. Yaron shago a Kantin Kwari ko kasuwar Singa, direban gida, maigadi, mai koyon ɗinki ko kanikanci, kusan kowannensu wani ne ya kawo shi ya tsaya masa: uba, kawu, yaya ko malami. In zama ya ƙi daɗi, ta hannun wannan mutum ake fita. Yaro ya je ya ce, “Kawu, zaman nan ya gagare ni, ina so a nema mini sallama wurin Alhaji.” Kawu ya sa rana ya je, a yi lissafin kaya da bashin da ke waje, a nemi gafarar juna, a yi addu'a. Wanda ya gudu ya bar mai tsaya masa da jin kunya, wani lokaci har da biyan abin da aka ce ya ɓata, ya kuma toshe hanyar ƙannensa da za a so a kai gobe. Kasuwa ba ta ba da takardar shaida, amma labari yana rigan mutum isa layin gaba, kuma uban gidan da aka rabu da shi baram-baram shi ne dai za a tambaya ranar da yaron ya zo neman kaya bashi don buɗe nasa shagon.

Malaman fiƙihu suna kiran ɗaukar aiki ijara, kuma a wurinsu ƙulli ne mai lazimtar ɓangarorin biyu har zuwa abin da aka yi sharaɗi. Suratul Ma'ida da umarnin cika alkawura ta buɗe, Suratul Ƙasas kuma ta ba da labarin Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda ya yi yarjejeniyar aikin shekara takwas, ko goma in ya so, bai kuma tafi da iyalinsa ba sai da wa'adin ya cika. Masu gida suna son kawo wannan hujja. Abin da ba su cika ambata ba shi ne ɗaya gefen, cewa jinkirta ladan ma'aikaci alhali da halin biya zalunci ne, kuma an yi kashedi mai tsanani a kansa.

Wannan gefen shi ne asalin halaccin tafiya ba tare da wa'adi ba. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya bar wa kowane ɓangare ikon ɗaukar yarjejeniya a matsayin warwararriya in ɗayan ya aikata abin da ya rushe ta. Dokar ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Wanda ya tara wa ma'aikaci albashin wata huɗu shi ya fara karya alkawari. Haka duka, da barazana, da neman mace da lalata, da sa mutum ya yi takardun ƙarya ko ya sayar da jabun magani. Najeriya ta amince a 1994 da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta kare ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da hujjar ganin hatsari ne na kusa ga ransa ko lafiyarsa, ta kuma amince a 2022 da yarjejeniya ta 190 a kan cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta karɓi ƙa'idar cewa wanda aka ƙuntata wa da gangan har ya ajiye aiki, ana iya ɗaukarsa a matsayin wanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, a biya shi diyya. Lafiya ma hujja ce in likita ya rubuta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago sun bayyana cewa aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara hatsarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari, in aka gwada da mai yin awa 35 zuwa 40. A duk waɗannan halaye wa'adi yana faɗuwa, amma takarda ba ta faɗuwa. Mutum ya fara tsira da kansa, sannan ya rubuta cewa ya ajiye aiki nan take, ya faɗi dalili a taƙaice, ya adana saƙonnin waya da takardun banki. In bai rubuta ba, kamfani ne zai rubuta nasa labarin, a ciki kuma shi ne wanda ya gudu.

Takardar sanarwa ta yau da kullum ba ta bukatar tsawo: kwanan wata, cewa an ajiye aiki, ranar ƙarshe, da shirin miƙa kaya. Ba wurin amayar da abin da ke ciki ba ne, domin takan zauna a fayil shekaru bayan fushi ya huce. A yi ta kwafi biyu, mai karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan ɗaya. In ya ƙi, a aika ta imel ko ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit. Ya fi kyau shugaba ya ji daga bakin mai tafiya kafin ya ji a bakin 'yan ofis.

Akwai tsoron da ma'aikata suke da shi, kuma ba na banza ba ne, cewa da sun ba da notis za a kore su a ranar, a danne albashin watan. A doka, wanda ya ce wa ma'aikaci ya tafi kafin wa'adinsa ya cika, kuɗin sauran kwanakin yana kansa, kuma sashe na 11 ya ce a gama biyan duk albashi kafin wa'adi ya ƙare ko a ranar da ya ƙare. Amma tsakanin abin da doka ta ce da abin da yake shiga aljihu akwai tafiya. Saboda haka masu dabara sukan bari albashi ya shigo su miƙa takarda washegari, bayan sun riƙe takardar sabon aiki a hannu, ba alkawarin baki ba, sun kuma kwashe takardunsu na kansu daga ofis. Wanda aka karɓe masa ainihin takardun makaranta ranar ɗaukarsa aiki, ya sa maido su cikin abubuwan da za a yi ranar miƙa kaya.

Notis ba ya goge sauran basussuka. Rancen ma'aikata yana nan, haka sharaɗin da mutum ya sa wa hannu cewa zai yi wasu shekaru bayan an biya masa karatu ko horo. Kotu takan tabbatar da irin wannan sharaɗi in bai wuce kima ba. Masu aiki a Saudiyya kuwa lamarinsu ya fi tsauri, domin izinin zamansu yana ɗaure da wanda ya ɗauke su, kuma wanda ya bar gidan aiki aka kai rahoton ya gudu yana iya rasa izinin zama, a tsare shi, a mayar da shi gida. A can hanyar ita ce ofishin ƙwadago da ofishin jakadancin ƙasar mutum.

A gida Najeriya, in an rabu kuma haƙƙi ya maƙale, matakin farko shi ne wasiƙar neman biya, sai ƙungiyar ƙwadago ga mai ƙungiya, sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, inda jami'ai suke kiran ɓangarorin biyu a yi sulhu. In abin ya gagara, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran kundin tsarin mulki na 2010 ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'un aiki da albashi, tana kuma zama a Abuja, Kano, Kaduna da wasu manyan birane. A Nijar ofishin sufeton ƙwadago ake fara zuwa kafin kotu. A duk waɗannan wurare, abin da ake fara neman mai ƙara ya nuna shi ne shaidar kama aikinsa, shaidar albashinsa, da kwafin sanarwar da ya bayar mai ɗauke da sa hannun wanda ya karɓa.